Wa Ya Ƙera Jitar Nan? Tarihin Masana'antun da Ke Bayan Kiɗan Kudancin Kaduna

Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya ɗaga. Wajen 1927, lokacin da layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu da Makurɗi ya haɗe da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, ƙasar Fantswam ta zama mahaɗa. Ma'aikatan Reluwe suka kwararo daga ko'ina, Ibo da Yarbawa da Tibi da Hausawa, ga kuma 'yan ƙasa, Bajju da Atyap da Ham da Agworok da sauransu. Kowa ya zo da kayansa, ya zo da kiɗansa. A zamanin kan jirgi mai cin kwal, duk wanda yake son sanin inda aka ƙera shi ba ya shan wahala. Akwai faranti na ƙarfe manne a jikinsa, ɗauke da sunan masana'anta, irin su Vulcan Foundry ta Ingila, da shekara da lamba. Sunan da ke farantin shi ne sunan maƙerin, babu ja.

Jitar lantarki ba haka take ba. Yau da wuya ka shiga babbar majami'a a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ranar Lahadi ba ka ga saurayi rataye da ita ba, waya ta fito daga gindinta ta nufi amfilifaya. A kanta za ka ga an rubuta Fender, ko Squier, ko Ibanez, ko Epiphone, wani lokaci har Gibson. Amma sunan nan sau da yawa na mai tambari ne kawai. Wanda ya yanka katako, ya naɗa waya, ya fesa fenti, wani ne daban, a wata ƙasa daban. Gano shi ilimi ne mai zaman kansa, kuma tarihi ne da ya ratsa Amurka da Japan da Koriya da Indunusiya da Sin kafin ya sauka a hannun ɗan kwaya a Kudancin Kaduna.

Yadda jita ta samu gindin zama

Mutanen wannan yanki ba baƙin kiɗa ba ne. Wanda ya taɓa halartar bikin Afan a Kagoro ranar ɗaya ga Janairu, ko Tuk Ham a Kwoi, ya ga ƙaho da ganga da sarewa a hannun masu su. Da 'yan mishan na SIM suka zauna a Kwoi a 1910, daga baya kuma a Kagoro, sun zo da waƙoƙin littafi da aka mayar Hausa. Bayan kafa majami'ar ECWA a 1954, ikilisiya ta ƙara komawa hannun 'yan ƙasa, sautinta ma ya sauya. Zumuntar Mata suka shigo da tulu da ganga da caki, ƙungiyoyin Sabon Rai suka ɗauki waƙa zuwa ƙauyuka.

Ita kuwa jita ta biyo rediyo da faifan garmaho da mutanen jirgi. Kiɗan hailaif na su Bobby Benson da Rex Lawson da Victor Uwaifo ya cika gidajen rawa na garuruwan dogo. A Kaduna, Bala Miller da ƙungiyarsa suka nuna cewa Hausa na hawa kan kayan kiɗan zamani daram. Can kuma a Jos, Panam Percy Paul ya sa matasan coci da yawa a Arewa sha'awar riƙe jita. Sannu a hankali abin da dattawa suke kallo a matsayin kayan gidan rawa ya samu wuri kusa da bagadi. Ikilisiyoyi suka fara yin baiko na musamman don sayen kayan kiɗa, sau da yawa bayan an sayar da citta. Kuɗin gumin manoma ne ake kaiwa Legas ko Kaduna ko Jos a sayo jita, shi ya sa tambayar wa ya ƙera ta ba ƙaramar tambaya ba ce.

Lokacin da suna da maƙeri suke abu guda

A farkon shekarun 1930 a birnin Los Angeles, George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar da jitar lantarki ta farko da ta samu karɓuwa a kasuwa. Dabarar ita ce fikof: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda ke mayar da kaɗawar tsirkiyar ƙarfe zuwa lantarki, amfilifaya kuma ta ƙara masa ƙarfi. Kamfanin Gibson na garin Kalamazoo ya fitar da tasa a 1936. Sai Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na Kalifoniya, wanda shi kansa ba makaɗin jita ba ne, ya zo da tunanin mai gyara. Ya ce a yi jiki da katako tsantsa ba rami, a ɗaure wuya da sukuru huɗu, in ya lalace a kwance a sa wani. Daga nan aka samu Telecaster a farkon shekarun 1950 da Stratocaster a 1954. Gibson ya mayar da martani da Les Paul a 1952, mai wuya a manne da gam.

A wancan zamani, in ka ga Fender, daga Fullerton take. In ka ga Gibson, daga Kalamazoo take. Turai ma tana da nata: Höfner da Framus a Jamus, Eko a Italiya, Egmond a Holan, Burns a Landan. Amma ko a lokacin an fara ganin alamar abin da ke tafe, don jitocin Egmond masu araha an riƙa sayar da su a Ingila da sunan Rosetti, wato sunan dillali.

A Janairun 1965 kamfanin CBS ya sayi Fender a kan dala miliyan 13. Gibson ma ya koma hannun wani babban kamfani da aka sani da Norlin. Makaɗa da yawa suka riƙa kukan cewa an fifita yawa a kan inganci. Wannan kuka shi ya buɗe wa Japan ƙofa.

Zamanin Japan

Bayan ƙungiyar Ventures ta Amurka ta zagaya Japan a 1965, matasan ƙasar suka haukace a kan jitar lantarki. Masana'antu suka bunƙasa: Teisco a Tokiyo, wanda kamfanin Kawai ya saya a 1967, da Guyatone, da wasu biyu a garin Matsumoto da tarihin jita ba zai manta da su ba, FujiGen da Matsumoku. Matsumoku asalinsa kafintocin teburin keken ɗinki ne na Singer. Gwanintar katako da fenti da suka samu a can ita suka juyo da ita kan jita.

Waɗannan masana'antu kwangila suke karɓa. Ɗan kasuwa daga Amurka ko Turai zai zo ya ce a yi masa dubu kaza, a buga sunan da ya zaɓa. Don haka jita iri ɗaya, daga benci ɗaya, za ta fita da sunaye barkatai. Matsumoku ya yi Aria da Westone, kuma daga 1970 ya yi Epiphone, sunan da Gibson ya mallaka tun 1957. FujiGen ya yi Greco, ya yi mafi yawan Ibanez na kamfanin Hoshino da ke Nagoya. Da farko kwaikwayo ne mai rauni, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 kwaikwayon ya kai inda mai asali ya tsorata. A 1977 Norlin ya kai ƙarar dillalin Ibanez na Amurka kotu a Filadelfiya a kan siffar kan jita. An sasanta a wajen kotu, Ibanez kuma ya mayar da hankali kan siffofin kansa.

Fender ya bi wata hanya. Da ya ga ba zai iya korar masu kwaikwayo ba, sai ya haɗa kai da su. A 1982 aka kafa Fender Japan tare da 'yan kasuwar ƙasar, aka ba FujiGen aikin. A shekarar ce kuma aka fito da Squier a matsayin ƙaramin suna mai araha. Squier na farko masu lamba da ta fara da JV, daga 1982 zuwa 1984, yau masu tara jita suna nemansu ruwa a jallo. A 1985 ma'aikatan Fender ƙarƙashin Bill Schultz suka sayi kamfanin daga CBS, amma ba a haɗa da ginin Fullerton a cinikin ba. Na ɗan lokaci kusan duk sabuwar Fender da ke kasuwa daga Japan ta fito, kafin sabuwar masana'antar Corona ta kankama, sannan ta Ensenada a Meziko.

Shekaru biyu da suka yanke hukunci

Wanda yake son fahimtar dalilin da ya sa jitocin majami'un Kudancin Kaduna suke yadda suke, ya dubi 1985 da 1986. A Satumban 1985 manyan ƙasashe biyar suka yi yarjejeniyar Plaza a New York don rage darajar dala. Kuɗin Japan ya yi tashin gwauron zabo, kayan ƙasar suka yi tsada a waje. Matsumoku ya rufe a 1987. Kwangilar jita mai araha ta tsallaka teku zuwa Koriya ta Kudu, wurin Samick da aka kafa a 1958, da Cort, da Young Chang, da wasu ƙanana irin su Unsung da Peerless da Saein.

A 1986 kuma gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP, darajar naira ta faɗi. Sabon kaya daga Amurka ko Japan ya fi ƙarfin ikilisiyar ƙauye da malamin makaranta. Kasuwa ta koma kan kayan hannu, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, masu shigowa ta Legas da Kwatano su bazu daga kasuwar Alaba zuwa Arewa. A cikin kwantena ɗaya za a tarar da jitar Koriya ta shekarun 1990, da tsohuwar Japan da wani Bature ya gaji da ita, da wadda ba ta da suna ko kaɗan. Mai sayarwa kansa bai san bambancinsu ba, farashi kuwa sunan da ke kai ne ke yanke shi.

Tafiyar ba ta tsaya a Koriya ba. Da albashin ma'aikata ya ƙaru a can, Samick da Cort suka buɗe masana'antu a Indunusiya a shekarun 1990, Samick kusa da Bogor, Cort a yankin Surabaya. Wasu suka nufi Sin, inda Epiphone ya samu masana'antar kansa a Qingdao a farkon shekarun 2000. Wannan ƙaura ta bar mutane a rana. Ma'aikatan Cort da aka sallama a 2007 sun shafe fiye da shekara 12 suna fafutuka kafin a yi sulhu a 2019. Hannayensu ne suka ƙera dubban jitocin da ke ɗauke da sunayen Amurka da Japan, kuma babu inda aka rubuta sunansu.

Yadda ake karanta jita

Duk da haka, masana'anta tana barin sawu. Wuri na farko shi ne bayan kan jita, ko farantin ƙarfen da ke riƙe da wuya. A nan lamba take, tare da sunan ƙasa.

A Fender na Amurka daga 1976, harafin farko yana nuna zangon shekaru goma: S na shekarun 1970, E na 1980, N na 1990, Z na 2000, sannan US daga 2010. Na Meziko ana sa M a gaba, don haka MN5 na nufin Ensenada, wajen 1995, MZ na shekarun 2000, MX kuma daga 2010. A Squier, CN na nuni da Cort a Koriya a shekarun 1990, IC Cort a Indunusiya, IS Samick a Indunusiya, CY kuma masana'antar Yako a Sin. A Epiphone na shekarun 1990 zuwa wajen 2008, S Samick ne, U Unsung, I Saein, P ko R Peerless, EE kuma Qingdao. Lambobin da ke biye su ne shekara da wata. Wadda ta fara da U0305, alal misali, Unsung ce ta Mayun 2003. A Ibanez daga 1987, F FujiGen ne, C Cort na Koriya, I kuma Cort na Indunusiya.

Gibson ya yi amfani da nasa tsari daga 1977 zuwa 2005, mai lamba takwas. Ta farko da ta biyar su ne shekara, ukun da ke tsakaninsu ranar shekara ce. A ce ka ga 82350612: shekara 1980, rana ta 235, wato 22 ga Agusta. Ukun ƙarshe a wancan zamani suna nuna masana'anta, ƙasa da 500 Kalamazoo, daga 500 zuwa sama Nashville. Bayan rufe Kalamazoo a 1984 wannan bambanci ya kau.

In lamba ta goge ko an kankare ta, sai a ɗauko sukundireba. A gindin wuyan Fender, inda yake shiga jiki, akan samu kwanan wata da fensir ko hatimi. A bayan maɓallin ƙara sauti kuwa, kamfanonin Amurka suna buga tasu lambar: 137 na CTS, 304 na Stackpole, 134 na Centralab, sai shekara da mako. Lamba 1377432 na nufin CTS, mako na 32 na 1974. Jita ba za ta girmi kayan cikinta na asali ba, don haka wannan yana ba da iyaka. Ko zaren sukuru shaida ne, domin Amurka tana auna da inci, Asiya kuwa da milimita. Mai gyara da ya sayo sabon maɓalli ya ƙi shiga ramin tsohon, ya riga ya samu amsa ko bai nema ba.

Sharaɗi guda ne: shaida ɗaya ba ta isa. Tsarin lamba yana da togaciya, kamfanoni sun sha maimaita haruffa, kuma tunda wuyan Fender kwancewa yake, ana iya samun wuyan Meziko a jikin Sin. Sai lamba da ƙasa da kayan ciki da irin aikin sun yi baki ɗaya sannan a yanke hukunci.

Kama da wane ba ta wane

Akwai bambanci tsakanin kwangila da jabu. Squier da Cort ya ƙera halastacciya ce, mai tambari ne ya ba da aikin, kuma an rubuta ƙasar a fili. Jabu ita ce wadda aka buga wa Gibson da sunan Amurka alhali ba ta taɓa ganin Nashville ba. Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka suka sanar da kama jabun Gibson fiye da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu ya haura dala miliyan 18.

Alamominta ba ɓoyayyu ba ne. Ɗan murfin da ke kan jita, wanda ke rufe ƙarfen miƙar da wuya, sukuru biyu ne a Gibson na gaske, jabu kuwa sau da yawa uku ne. In aka buɗe, na gaske noti ne na tagulla, jabu rami ne na makullin alan. Ginshiƙan gadar da tsirkiya ke hawa sirara ne a na gaske, a jabu kuwa masu kauri ne da tsagar sukundireba. Sai kuma farashi. Sabuwar Les Paul Standard dubban daloli ce. Wanda aka tallata masa ita a kuɗin wayar hannu, aka kuma hana shi buɗe ta, cinikin biri a sama ake so ya yi.

Asarar tana da fuska biyu. Ikilisiya na iya zuba kuɗin citta a kan jabu saboda suna. Tana kuma iya jefar da tsohuwar FujiGen ko Matsumoku a ɗakin ajiya, tsatsa da gara su cinye ta, saboda sunan da ke kanta ba sananne ba ne, alhali da sabuwar tsirkiya da ɗan gyaran waya za ta fi sabuwar da aka sayo daɗin hannu da sauti.

Rabonmu a cikin wannan tarihi

Afirka ta Yamma ta daɗe a cikin jikin jita ba tare da an ambace ta ba. Flying V da Explorer da Gibson ya fitar a 1958, waɗanda yau suke cikin jitoci mafi tsada a duniya, da katakon limba aka yi su, itacen da masu katako a Najeriya ke kira afara. Katakon sapele da dangin maɗaci suna shiga wuya da jiki a masana'antu da yawa. Baƙin katakon da yatsu ke takawa, mai yawansa daga Kamaru yake fitowa. Itace yana fita danye, ya dawo da fenti da tambari da ninkin farashi.

Hannu ma muna da shi. Victor Uwaifo ya ƙera jitoci da kansa. Mdou Moctar na Nijar ya fara da jitar da ya haɗa da katako da wayar birkin keke, yau kuma yana zagaya duniya. A garuruwanmu, mai gyaran rediyo ne ke liƙa wayar fikof da ta tsinke, kafinta ne ke ɗinke kan da ya tsage, makaɗin kansa ne ke daidaita wuyan da hunturu ya busar ya lanƙwasa, damina kuma ta kumbura. Jitar da ta yi shekara ashirin a Manchok ko Kachia ta riga ta bi ta hannaye da yawa bayan na Koriya ko Qingdao, kuma su ne suka sa take raye.

Abin da ya rage shi ne a mayar da wannan sani ya zama al'ada. Kowace ikilisiya da makaranta da ƙungiyar makaɗa ta buɗe littafi, ta rubuta suna da lamba da ƙasa da ranar saye na kowace jita, da duk gyaran da aka yi mata. Littafin zai taimaka in an yi sata, zai hana a sauya kayan ciki a ɓoye, zai kuma bar wa na baya tarihi. Kwamitin da aka tura sayayya ya tafi da makaɗi da mai gyara, ya duba bayan kai kafin ya duba gaba, ya nemi a buɗe masa kafin ya ƙirga kuɗi. Sashen kiɗa da na koyon sana'a a makarantun yankin su koya wa matasa gyaran jita a matsayin sana'ar da ake ci da ita. Leo Fender da shagon gyaran rediyo ya fara, mutanen Matsumoku da teburin keken ɗinki, na Koriya da kwangilar da wasu suka raina. Dukansu sun fara ne da kwance aikin wani don su ga yadda aka yi shi. Yankin da ke da katako da kafintoci da makaɗa masu yawa haka yana da duk abin da ake bukata don ya bi wannan hanya, har a wayi gari a juya bayan jita a ga an rubuta Najeriya.